Satar saƙo tsakanin Kudu da Zadawa: inda kaya ke ɓacewa, yadda ake tsare su, da abin yi idan sun ɓace

Duk Bahaushen da ke zaune a Agege, Mile 12, Alaba Rago, Sabon Ibadan, Fatakwal ko Lokpanta ya san nauyin kalmar saƙo. Kayan Sallar yara, maganin tsohuwa, wayar da ka saya wa ƙanenka, goron ɗaurin aure, atamfar lefe, duk a hannun wani suke tafiya gida. Daga can ma haka ake aiko mana da kilishi, kuka, daddawa, man shanu da zuma. Mun haɗa wannan bayani ne domin mutanen Zadawa da ke tsakanin Azare da Misau a jihar Bauchi, da 'yan'uwansu na Azare da sauran ƙasar Katagum, amma duk wanda ke aika kaya arewa zai ga kansa a ciki.

Abin da masu harkar tasha suka daɗe da sani shi ne, ba kasafai saƙo ke ɓacewa yana cikin mota tana gudu ba. Yakan ɓace ne a daidai lokacin da yake fita daga wani hannu zuwa wani hannu, babu suna, babu shaida. Wanda ya toshe waɗannan kafofi ya yi maganin mafi yawan matsalar.

Hanyoyin da saƙo ke bi

Hanya ta farko ita ce hannun ɗan'uwa mai tafiya gida. Ita ce mafi tsufa, kuma ba a biyan komai sai godiya da ɗan kuɗin ruwa. Amfaninta kaya na isa har cikin gida. Illarta kuwa, idan wani abu ya faru kunya ba ta barin ka yi magana.

Ta biyu ita ce tasha, abin da mutanen nan ke kira webil. Ka kai kaya wurin 'yan kamasho, a yi ciniki, a ɗora a mota, a ba ka lambar direba. Yawancin tashoshi suna ƙarƙashin ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW, wadda aka kafa a 1978, ko RTEAN. A jihar Oyo gwamnati ta dakatar da NURTW a 2019, daga baya ta naɗa nata masu kula da tashoshi. Ko ma wane ne ke riƙe da wurin, tashar gaske tana da ofis da shugaba da littafi.

Ta uku ita ce manyan motoci. Tirelar da ta sauke shanu a Oko-Oba ko Akinyele ko Lokpanta ba ta son komawa arewa wayam, don haka takan ɗauki kaya da araha. Buhunan gari, jarkokin manja, katifa, kwano, duk suna bin wannan hanya. Sai dai tirela ba ta da ranar isa, kuma kaya kan kwana a fili.

Ta huɗu ita ce gidan waya na NIPOST da kamfanonin kai saƙo irin su GIG Logistics da DHL, da kantunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda duk biyun suka fara aiki a 2012. Su ne ke ba da rasit mai lambar bibiya. Amma ƙarfinsu a manyan birane yake. Kafin ka biya, ka tambaye su ƙarara a ina kayan za su tsaya, a Bauchi ne, a Kano ne ko a Azare, don kada ka ɗauka har ƙofar gida za a kai.

Hannu nawa kaya ke bi kafin su isa Zadawa

Daga Legas zuwa Azare tafiyar ta haura kilomita 1,000. Motar da ta bi ta Ibadan, Ilori, Jebba da Kaduna, ko ta Lokoja da Abuja, galibi a Kano take ƙarewa. Daga nan sai a sauya mota, a bi titin Maiduguri ta Wudil zuwa Azare. Kayan da suka taso daga gabas, irin Aba, Anaca ko Inugu, sukan bi ta Makurɗi, Lafiya, Jos, Bauchi da Darazo su faɗo Misau. Ko ta ina suka biyo, sai an sake ɗora su a ƙaramar mota ko acaɓa kafin su shiga Zadawa.

To lissafa mana. Kai ka ba ɗan kamasho. Shi ya ba yaron mota. A Kano an sauke, mai kura ya tura zuwa wata tashar. An ba direban Azare. A Azare an ajiye a ofis ko a shagon wani. Ɗan acaɓa ya ɗauka. A ƙofar gida yaro ya karɓa ya shiga da shi. Hannu bakwai ke nan, kuma a mafi yawan lokuta mai kaya hannu ɗaya kawai ya sani, na farko. Idan aka ce kaya ba su iso ba, wa za ka kama?

Salon satar da aka fi gani

Karɓa da sunan wani. Wannan ita ce babba. Mutum na tsaye a tasha yana jin direba yana waya yana cewa akwai saƙon gidan wane. Ko kuma ya karanta suna da lambar da ke jikin kwali. Sai ya matso ya ce shi ƙanen mai saƙon ne, an turo shi. Direba na sauri, fasinja na yi masa tsawa, sai ya miƙa.

Ragewa. Kaya sun iso, amma ba cif ba. An farke gefen buhu an ɗebi kwano biyu an sake ɗinkewa. An zare turmi ɗaya cikin biyar. An rage manja an cika da wani abu. Irin wannan ba a ganewa sai an shiga gida, lokacin mota ta yi nisa.

Musanya. An cire sabuwar waya daga kwalinta an saka tsohuwa ko sabulu, an mayar da salatif kamar ba a taɓa ba. Haka ake yi wa batirin sola da takalmi.

Saukewa a hanya. Motar dare ta tsaya cin abinci ko Sallah, an buɗe but wani fasinja ya sauka, ya haɗa da jakar da ba tasa ba. Wani da gangan, wani kuma kuskure ne, domin jakunkunan Gana-mas-go duk kamarsu ɗaya.

Ajiyar da ba mai ita. An bar kwali a zaure, ko a bakin shago, ko wajen mai shayi, an ce idan wane ya zo a ba shi. Kowa ya gani, ba wanda aka ɗora wa.

Motar bakin titi. Wanda ba ɗan tasha ba ya tare ka ya ce zai kai maka da rabin kuɗi. Ba ofis, ba littafi. Da ya tashi ya kashe waya, shi ke nan.

Kiran ƙarya. A kira na gida a ce saƙonku ya iso amma sai an turo kuɗin sauke kaya ko na kwastan. Su tura, alhali ba direban ba ne ma.

Kafin kaya su bar hannunka

Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada kayanka su riƙa tallar kansu. Waya ko talabijin ko injin sola, kada a bar su a kwalin kamfani mai hoto. A saka cikin wani kwalin daban, ko a naɗe da tsumma a cusa a buhu a ɗinke.

Ka rubuta jerin abin da ke ciki a takarda biyu, ɗaya a cikin kayan, ɗaya a hannunka. Ka ɗauki hoton kayan kafin ka rufe da bayan ka rufe, ka tura wa mai karɓa ta WhatsApp. Idan shi ba shi da babbar waya, ka tura wa wani amintacce a gidan, ko ka karanta masa jerin ta waya.

Mu da muka taso a gidan fataucin shanu mun saba ganin yadda ake yi a kara. Ba a ɗora sa a tirela sai an shafa masa fenti da alamar mai shi, domin shanun mutum biyar na iya haɗuwa a mota ɗaya, kuma a kudu ba wanda zai yi gardama a kan alama. Haka ya kamata a yi wa saƙo. Ka sa wa buhunka alamar da ake hangowa daga nesa, a gefe biyu ko uku. Ka ɗinke bakin da zare mai launi, ka faɗa wa na gida launin. Idan kwali ne, bayan ka naɗe da salatif ka ja layi da maka ko ka sa hannu a kan mahaɗar, yadda duk wanda ya ɓare sai layin ya karkace.

Abin da ake awo, a auna shi. Buhun gari ko shinkafa a ɗora a sikeli a gaban ɗan kamasho, a rubuta nauyin a jiki. Jarkar manja a ɗaure bakinta da leda a zagaye da salatif.

Wajen rubutu a jikin kaya, suna ɗaya da gari da lambar waya sun isa. Kada ka rubuta abin da ke ciki. Kada kuma ka rubuta cikakken kwatancen gida, domin duk abin da ka rubuta, ka koya wa mai karɓa da sunan wani abin da zai faɗa ne.

A tasha

Ka shiga cikin tasha, ka je ofis. Kada ka tsaya wajen wanda ya tare ka a ƙofa. Ka nemi a rubuta kayanka a littafi, a ba ka rasit ko da guntuwar takarda ce mai hatimi. A jikinta a sa kwanan wata, yawan ƙunshi, inda za a sauke, kuɗin da ka biya, da ƙimar kayan. Mutane da yawa kan ɓoye ƙima don kada a tsawwala musu kuɗin mota, su ce tsofaffin kaya ne. Ranar da aka nemi diyya kuwa, kuɗin tsofaffin kaya za a ba ka. Haka abin yake a kamfanoni ma: akasarinsu sun ƙayyade abin da za su biya idan kaya sun ɓace, sai fa in ka bayyana ƙima ka biya inshora. Ka karanta bayan rasit, ko ka sa a karanta maka.

Abu huɗu kada ka bar tasha ba tare da su ba: lambar mota, sunan direba, lambar wayarsa, da lambar ofishin tashar. Ka kira lambar direban a gabansa ka ji ta yi ƙara. Idan da hali ka tsaya har a ɗora kayan ka ga inda aka saka su.

Ka tambaya ko motar kai tsaye take zuwa Azare ko za a sauya a Kano. Idan za a sauya, ka roƙi direba ya turo maka lambar mota ta biyu da ta direbanta a lokacin da ya miƙa. Mafi kyau ma ka sami naka mutum a Kano ya karɓa da hannunsa ya ɗora da hannunsa. Ƙarin kuɗin da za ka ba shi bai kai rabin ciwon kan da zai raba ka da shi ba.

Wata dabara mai sauƙi ita ce kalmar sirri. Ka zaɓi lamba huɗu ko wata kalma, ka faɗa wa direba da mai karɓa su kaɗai. Duk wanda ya zo bai san ta ba, ko da ya rantse shi ɗan gidan ne, ba a ba shi. Kamfanoni ma da yawa haka suke yi yanzu, su turo lamba ta saƙon waya. Sannan idan tashar ta yarda, ka biya rabi a nan, rabi idan kaya sun isa. Direban da ke bin ka kuɗi ba ya mantawa da kayanka.

Ka kuma duba lokaci. Satin Sallah tasha a cike take, kaya kan yi tsibi, kowa na sauri. Ka aika naka da sati biyu kafin nan. Idan ana zaman ɗar-ɗar a hanya ka dakata. Mun ga yadda aka yi a farkon 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu, motoci suka yi cirko-cirko a wajajen Jebba na kwanaki.

Ƙofar ƙarshe, can gida

A Amurka da Ingila mai kai saƙo yakan ajiye kwali a bakin ƙofa ya tafi, ɓarayi su bi bayansa suna kwashewa. Shi ya sa suke saka kyamara a ƙofa, kamfanin Amazon kuma ya kakkafa akwatuna masu makulli a kantuna, mutum ya je ya buɗe da lamba. Mu a Zadawa ba lambar gida, ba kyamara. Adireshinmu shi ne kusa da masallaci, bayan makaranta, gidan wane. Amma muna da abin da su ba su da shi: kowa ya san kowa. Matsalar ita ce wannan sanayyar ce take sa a yi sakaci.

Maigida yana gona ko yana kasuwa. Matan gida suna ciki, baƙo ba ya wuce zaure. Sai ɗan acaɓa ya yi sallama, yaro ɗan shekara bakwai ya leƙo, a miƙa masa. Ko kuma ba wanda ya amsa, a jingine kayan a zaure a tafi. A nan ne kayan da suka tsallake kilomita dubu lafiya suke salwanta a taku goma.

Maganin shi ne kowane gida ya tsayar da mutum ɗaya mai karɓar saƙo, babba mai hankali mai waya a kunne, sannan a sami na biyu idan ba ya nan. Idan kayan na matarka ne ko na mahaifiyarka, ka gaya mata tun kafin su iso, ka gaya mata adadinsu, kuma ka ji daga bakinta cewa sun shiga hannunta. Da yawa daga cikin abin da ake kira satar hanya, a cikin gida aka yi shi, don mai kayan ba ta ma san an aiko ba.

Idan ba mai zuwa Azare ya tarbi mota, a tsayar da shago ɗaya da aka yarda da shi, na ɗan gari wanda ya san ku, a yi magana da shi tun farko. Ya ajiye ɗan littafi: ranar da kaya suka zo, wa ya kawo, wa ya karɓa, a sa hannu ko a dangwala. A riƙa ba shi ɗan abin hasafi. 'Yan gari ɗaya da ke zaune a unguwa ɗaya a kudu za su iya haɗa kai su yi wannan tsari tare, su riƙa haɗa saƙonsu a mota ɗaya, rana ɗaya, mai karɓa ɗaya.

Ɗan acaɓan da zai ƙarasa da kaya ya zama sananne, wanda aka san gidansu. Mai karɓa kuma ya duba ɗinki da salatif da alama, ya ƙirga, ya buɗe a gaban wanda ya kawo kafin ya tafi, sannan ya kira ka nan take. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kariya ce ga shi kansa mai kawowar.

Saƙon da ke zuwa mana nan kudu

A nan kuma matsalar gidan haya ce. Ɗaki goma, ƙofa ɗaya, kowa ya fita nema tun asuba. Kada ka ce a ajiye maka a baranda ko a ba duk wanda aka gani. Ka ba da adireshin inda kake wuni, rumfarka ko shagon maigidanka. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, fataken shanu da na goro a hannun maigida suke sauke dukiyarsu, shi ke ajiya, shi ke tsaya musu.

Idan a intanet ka yi sayayya, zaɓi karɓa a ofishinsu idan akwai kusa da kai. Idan har gida za a kawo, ka kasance a wurin, ka duba kafin ka biya, kuma kada ka faɗi lambar da aka turo maka sai kaya na hannunka. Masu sayarwa a Facebook da TikTok da ba ka san shagonsu ba, kada ka tura musu kuɗi gaba ɗaya.

'Yan'uwanmu masu gadi da masu kai saƙo a babur, ku ma ku tsare kanku. Maigadi kada ya karɓi kayan mai gida sai an kira mai gidan ya amince, ya kuma rubuta. Mai kai saƙo ya tsaya a waje, kada ya bi kowa cikin ɗaki. A watan Maris na 2017 an kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal bayan an yaudare shi ya shiga gida da wayoyin da aka yi oda. Kuma kada ka ɗauki ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba. Idan jami'an NDLEA suka buɗe a hanya suka ga ƙwaya, wanda ke riƙe da kayan za a fara kamawa.

Kuɗi, waya da takardu

Kada a cusa tsabar kuɗi a cikin buhu. Yanzu akwai masu POS a garuruwa da ƙauyuka, ka tura ta banki ko OPay ko Moniepoint, ka ajiye shaidar. Kuɗin da ya ɓace a cikin saƙo ba wanda zai yarda ma akwai shi.

Kowace waya tana da lamba 15 da ake kira IMEI. Tana jikin kwali, kuma idan ka danna *#06# za ta fito. Ka rubuta ta ka ajiye tare da rasit kafin ka aika. Da ita 'yan sanda ke bin sawun waya. Kada ka aika waya da layinka a ciki, domin layin a haɗe yake da lambarka ta NIN da asusun bankinka. Katin ATM da lambar sirrinsa kada su taɓa tafiya tare. Takardun makaranta, na fili da fasfo kuwa, ko dai hannun wanda ka yarda da shi ƙwarai, ko kamfani mai lambar bibiya, kuma ka ɗauki hotonsu tukuna.

Wa zai biya idan kaya sun ɓace

A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wanda aka ba ajiya amintacce ne. Idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma idan ya yi sakaci, ko ya saɓa abin da aka ce masa, misali aka ce ya ba wane ya ba wani daban, to biya ya hau kansa. Akwai kuma hukuncin da ya dace da maganarmu sosai: wanda aka aika ya kai wa wani kaya, ya ce ya kai, wancan ya ce bai karɓa ba, to shi ɗan aiken ne zai kawo shaida, in ba haka ba ya biya. Malaman mazhabar sun kuma tsananta a kan mai dakon kayan abinci da lada, saboda hannu na saurin kaiwa gare su. Don haka direba ma ribarsa ce ya miƙa kaya a gaban shaidu. Yadda hukuncin zai sauka a kan matsalarka kuwa, malami ko alƙali ne zai faɗa bayan ya ji ɓangare biyu.

A dokar ƙasa, ɗauke kayan wani sata ce. Wanda aka damƙa wa kaya ya cinye, laifinsa cin amana ne. Wanda ya sayi kaya ya san na sata ne, shi ma mai laifi ne. Wannan ya shafi masu sayen waya mai arha a tasha ba kwali ba rasit.

Matakan da za ka bi

1. Ka fara da bincike, ba zargi ba. Kira direba, kira ofishin da ka ɗora, kira na inda za a sauke. Sau da yawa kaya na nan, an wuce da su Potiskum ne ko an manta da su a ofis.

2. Ka bi hannu-hannu. Wa ya ba wa, a ina, ƙarfe nawa, wa ya gani? Inda amsa ta tsaya, nan matsalar take.

3. Ka kai ƙara wajen shugaban tashar da ka ɗora, da rasit da hotuna, tun abin bai kwana biyu ba. Ka tafi da wani babba. Tasha na da hanyar matsa wa direbanta, domin za ta iya hana shi lodi har sai ya fito da kaya ko ya biya.

4. Idan abin ya ƙi, ka sanar da Sarkin Hausawan unguwarku ko shugaban kasuwarku. A gida kuma a gaya wa mai unguwa, a yi cigiya a masallaci. Wani ya dawo da kaya cikin dare don kawai ya ji an fara cigiya.

5. Idan waya ce mai layi ko katin banki, a rufe su a ranar, kada a jira.

6. Kaya masu tsada, a kai rahoto ofishin 'yan sanda na inda abin ya faru, da lambar mota da IMEI.

7. Idan kamfani ne, ka rubuta musu ƙorafi da lambar bibiya, ka ajiye amsarsu. In sun yi biris, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, sannan NIPOST ce ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi. A Legas tun 2018 akwai kotun ƙananan basussuka da ke sauraron da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ba dole sai da lauya ba. Kano ma tana da irinta.

8. Idan an yi sulhu, a rubuta: nawa za a biya, yaushe, a gaban wa.

Abin da ba a yi

Kada ka ɗora hoton mutum a Facebook ka kira shi ɓarawo ba tare da hujja ba. Zato zunubi ne, kuma kai ma za a iya maka ka a kotu. Kada ka riƙe motar direba ko ka ƙwace masa makulli da ƙarfi. Kada a kama yaro ko almajirin gida a yi ta duka don shi ne marar gata.

Mafi girma duka, kada ka yi ihun ɓarawo a cikin taro. Mu mazauna kudu mun fi kowa sanin inda wannan ke kaiwa. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo a kan zargi kawai, ba kotu ba shari'a. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu yi wa wani a kan kwalin waya.

Idan kuma bincike ya nuna na gida ne ya taɓa, a zauna da manya a rufe ƙofa, ya biya ko a yafe masa, sannan a sauya mai karɓa. Ba a ba kura ajiyar nama sau biyu, amma ba a kuma yanke zumunci a kan turmin atamfa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai matafiya gida lafiya, ya sa mu cikin masu riƙon amana.